Igiyar dai tana cikin hoton

Ban kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Dawowata ke nan daga hutu a Girka, ko akwatina ban gama kwancewa ba aka turo min abin da wata ta ɗora a sitatus, wai "jirgin haya ne fa, ba nasu ba." Sannu da bincike, Hajiya. Wa ya ce miki namu ne? Hayar jirgin ruwan muka yi, mu shida 'yan gida ɗaya, da kuɗin adashenmu na shekara guda. Ranar Asabar muka karɓe shi a tashar Alimos da ke gefen babban birnin Girka, wata Asabar ɗin muka sauka. Tsawonsa ƙafa 45, ɗaki huɗu, uku namu, ɗaya na matuƙi, don can ba sa miƙa wa mutum jirgi sai yana da takardar tuƙi. Kuɗin matuƙi daban, abincinsa a wuyanmu, mai daban, ga kuɗin ajiya da suka riƙe a kati ko da za a yi ɓarna. Duk mun biya, ba mai bin mu ko sisi.

Namu dai an kwance masa igiya. Na wata kuwa, bara a Dubai, an sha gilashi an rubuta "ina tsakiyar teku", ga igiya nan ƙatuwa ɗaure da jirgin a bakin gaɓa. Kowa ya gani, kara aka yi miki. Igiyar tana cikin hoton, Hajiya.

Sai kuma wai me ya sa ba mu je tsibirin Mikonos ba idan da gaske ne. Kin ji illar sanin ƙasa a Instagram. A watan Agusta akwai iskar da suke kira meltemi, daga arewa take busowa, ta fi ƙarfi a wajen tsibiran da Mikonos take. Matuƙinmu ya dube mu, ya ga ba wanda ya taɓa kwana kan ruwa, ya ce mu tsaya ta yankin tekun Saronik inda teku ya fi lafawa. Wajen awa uku muka yi kafin tsibirin Egina, iska ce ke tura mu, injin a kashe, ba ka jin komai sai ruwa na dukan gefen jirgi. Daga nan tsibirin Poros, inda mashigin ya yi ƙunci har kana hango mai shan shayi a tsallake. A tsibirin Haidira kuma ba a hawa mota, jakai da alfadarai ke dakon kaya, tashar ƙarama ce, jirage na jingina da juna, da safe ƙugiyarmu, wadda ake jefawa a ruwa ta riƙe jirgi, ta sarƙe da ta maƙwabta sai da aka sha fama. Mai igiya a ɗaure ina za ta san ƙugiya na sarƙewa?

Eh, na yi amai. Rana ta biyu, sau uku ma. Wadda ta tura miki bidiyon ita ma na gane ta, za mu haɗu a gidan suna. Wanka ma da awo muka yi shi don ruwan tanki ƙididdigagge ne, ban ɓoye ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ki ce bashi na ci. Ni? Wallahi kin ban mamaki. Wa ya zauna har sha biyun dare yana cike miki takardun biza? Da aka hana ki, a falon wa kika zo kika yi kuka, wa ya rufa miki asiri ya ce wa mutane ke kika fasa? Shekara nawa ina tashi da asuba ina ɗaure kayan kwastoma kina barci, yau don na huta mako guda sai ya zama abin gulma a guruf?

Na bar ki da Allah. Amma kuɗin lesunan nan biyu na tun ƙaramar salla ina jira, lambar asusuna ba ta canja ba. In kuma za a sake ɗora hoton Dubai, a ba yaro ya goge igiyar tukuna.