Sa Hannun Wa Za Ta Kawo?

Makon jiya 'yar wana, mai shekara 16, ta dawo daga wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Marwa ta Kamaru da takarda a jaka. Wai daga yanzu ba ɗalibin da zai zauna da malamin ba da shawara, wanda yara ke kira konseye, ya faɗi damuwarsa, sai uba ko mariƙi ya sa hannu. Na sa mata. Tana ninke takardar ta ce, "Baffa, ni na samu. Ƙawata fa? Ai babanta ne matsalar, so yake ya aurar da ita kafin jarrabawar BEPC."

Wanda ya tsara wannan takarda ko dai bai san jiharmu ta Arewa Mai Nisa ba, ko kuma fitina yake gudu. Tun 2014 Boko Haram ke korar mutane daga Kolofata da Fotokol da ƙauyukan Mayo-Tsanaga. Yaran da aka gudu da su a goye su ne yau a lise. Wani ubansa ya rasu, wani yana zaune a gidan ɗan garinsu da ko ajinsa bai sani ba. Waɗanda suka ga harin ƙunar baƙin wake na Yulin 2015 a Marwa suna ƙanana, wa ya taɓa zaunar da su ya ji abin da ke hana su barci? A gida cewa za a yi iska ce, a nemo rubutu. Ban raina rubutu ba, ni ma na sha, amma yaron da ya fara haɗiyar tiramol a bayan aji yana bukatar wanda zai saurare shi tun kafin uban ya ji ya ɗauko dorina.

Masu kare takardar na cewa doka ba ta ɗaukar yaro a matsayin babba sai ya cika 21. Wannan zancen sayar da fili ne da ƙulla kwantiragi, ba na yarinyar da ke kuka a ofis ba.

Abin haushin, ba a neman izinin kowa ranar da za a koro yaro saboda kuɗin APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai. Sai da aka zo kan sauraronsa aka tuna da haƙƙin iyaye. Bayan ɗalibi ya daɓa wa malaminsa wuƙa a lise ta Nkolbisson a Yawunde, a Janairun 2020, kowa ya yi ta cewa a lura da halin da yara ke ciki. To, ga lurar: an sa wa ƙofar konseye kwaɗo, an miƙa mabuɗin ga wanda wani lokaci shi ake tsoro.

A bar yaro ya shiga ya yi magana. In ta kai ga asibiti ko magani, ko rai na cikin haɗari, a kira iyaye, konseye ya san wanda zai fara kira a dangi.

Jiya na sake tambayar 'yar tawa. Takardar ƙawar tana nan cikin littafin lissafi, ba ta nuna wa kowa ba.