Kafin ka karanta Emily Dickinson, duba bugun da ke hannunka

Ɗalibai da yawa kan ce waƙoƙin Emily Dickinson ba su da armashi. Sau tari laifin ba na mawaƙiyar ba ne. Bugun da suka sauke kyauta daga intanet ne ya cuce su, sannan suka karanta shi a zuci kamar labarin jarida.

An haifi Dickinson a garin Amherst na jihar Massachusetts ta Amurka a 1830, ta rasu a 1886. Ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, amma waɗanda aka buga tana raye ba su wuce goma da 'yan kai ba, su ma babu sunanta. Bayan rasuwarta ƙanwarta Lavinia ta tarar da tarin rubutun, ciki har da ƙananan littattafai 40 da Dickinson ta ɗinke da zare da hannunta. A 1890 Mabel Loomis Todd da Thomas Wentworth Higginson suka fitar da zaɓaɓɓu daga ciki, amma sai da suka yi musu kwaskwarima: suka laƙa musu take, suka cire dogayen karan da take ja tsakanin kalmomi, suka gyara wasu amsa-amon. Da yake haƙƙin mallakar wannan bugu ya daɗe da ƙarewa, shi ne ya fi yawo kyauta.

Ga misalin ɓarnar. Waƙar da ta fara da "Because I could not stop for Death" baiti shida ce. Mutuwa ta zo a siffar mutum mai ladabi, ta ɗauki mai magana a keken doki, suka wuce makaranta da gonaki da rana mai faɗuwa. A baiti na huɗu sai mai maganar ta gyara zancenta: a'a, ranar ce ta wuce mu. Raɓa ta sauko da sanyi, ga rigarta shara-shara. Nan ne yawon shan iska ya koma tafiya kabari, nan ne tsigar jikin mai karatu ke tashi. Bugun 1890 ya cire wannan baiti ɗungurungum. Wanda ya karanta baiti biyar ya sha romo, naman yana tukunya.

A yi wa Todd da Higginson adalci, ba don su ba da wataƙila rubutun ya ruɓe a akwati, kuma masu karatun zamaninsu ba su saba da irin wannan salo ba. Sai dai wannan uzuri ya ƙare tun 1955, lokacin da Thomas H. Johnson ya buga waƙoƙi 1,775 yadda ta rubuta su. R. W. Franklin ya biyo baya a 1998 da 1,789. Gane bugun ba wuya: idan ka ga take a kan waƙoƙin, an kuma kasa su babi-babi kan rayuwa da soyayya da halitta, tsohon ne. Na Johnson da na Franklin lamba suke sawa. Waccan waƙar ita ce ta 712 a wurin Johnson, ta 479 a wurin Franklin.

Saura yadda za a karanta. A nan mai jin Hausa yana da riba, domin ya san rubutacciyar waƙa ba ta cika sai an rera ta. Dickinson ta ari karin waƙoƙin coci na yankinsu: ɗango huɗu a baiti, gaɓa takwas, shida, takwas, shida. Ka ɗaga murya, ka ƙirga gaɓoɓin da yatsa. Inda ka tarar da karan nan, ka dakata kamar mai jan numfashi, kada ka haɗiye shi. Kalmar da ta fara da babban baƙi a tsakiyar ɗango, ka ɗan danna ta.

Abin da zai fi damun kunnen da ya saba da amsa-amo mai faɗawa daidai shi ne nata yakan kauce da gangan. A baitin nan na huɗu ta haɗa "chill" da "Tulle", sun yi kusa amma ba su haɗu ba. Ba gazawa ba ce. Kunne yana jiran a rufe ƙofa sai aka bar ta a sakaye, daidai lokacin da sanyin ya shigo.

Waƙa biyu ko uku sun isa zama ɗaya, kowacce a maimaita ta sau uku: na farko don kari, na biyu da ƙamus a gefe saboda kalmomin tufafi da na shari'a da na addini na ƙarni na 19, na uku don gano ɗangon da zancen ya juya.