Beyoncé ta koma ga banjo, mu wa zai koma ga gurmi?

A watan Maris na 2024 Beyoncé, mawaƙiyar Amurka, ta fitar da kundin Cowboy Carter. Ta jingine kiɗan rawar da ya cika kundinta na 2022, ta rungumi kiɗan kantiri, wanda a nan Amurka da yawa ke ɗauka gadon Turawan karkara ne. A Texas nake zaune, jihar da aka haife ta, kuma na ga yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu suka ce ta yi shisshigi a gonar da ba tata ba. Masu ba da kyautar CMA, wato kyautar ƙungiyar kiɗan kantiri ta Amurka, ko sunanta ba su saka ba a shekarar. Sai ga shi a Fabrairun 2025 Grammy ta ba ta kyautar kundin shekara, ta haɗa mata da ta kundin kantiri.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ta dosa. A waƙar da ta fi tashe a kundin, sautin banjo, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, shi ne ke fara dukan kunne, kuma Rhiannon Giddens ce ta kaɗa shi, matar da ta daɗe tana tunatar da mutane cewa banjo daga hannun bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ya fito. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi, ya ga ƙwarya an rufe ta da fata, ga sanda, ga tsirkiya, zai gane dangantakar nan take. Ta kuma gayyato Linda Martell, baƙar fatar da ta yi kantiri tun wajen 1970 aka manta da ita.

To mu fa? Idan mawaƙinmu ya ce ya sauya salo, kafin ka saurara ka san inda ya nufa: ko Afrobeats na Legas, ko amapiano na Afirka ta Kudu. Ba na ƙin wannan, wasu waƙoƙin ma suna da daɗi ƙwarai. Amma kullum ƙofa ɗaya ake bi, ta fita waje. Kalangun da muke ji a waƙoƙin yanzu galibi daga cikin fiyano ake latso shi, ba hannun makaɗi ba, shi ya sa ba ya magana. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma da kuntigi ɗan mitsitsi mai tsirkiya ɗaya Ɗan Maraya ya riƙe taro shekara da shekaru.

Masu kukuma da gurmi da garaya suna nan da ransu, suna bin bukukuwa. Ina so in ga fitaccen mawaƙinmu, mai miliyoyin masu kallo a YouTube, ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ya kai shi situdiyo, ya gina kundi guda a kan hannunsa, ya rubuta sunansa, ya biya shi haƙƙinsa.