Ku daina ɗora wa masu koyo gilashin da ba za su iya ɗauka ba

Duk wanda ya kalli bidiyon nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya ya san abin da ya tunzura ni, saboda haka ba zan ambaci sunan kowa ba. Yaro mai koyon ɗaukar hoto ya yi tambaya cikin ladabi, ya faɗa ƙarara cewa kuɗinsa kaɗan ne, yana neman gilashin kyamara guda ɗaya mara nauyi da zai ɗauki fuskokin mutane da shi, ya kuma shiga titi da shi, sai gwanin namu ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce masa ya ci gaba da tara kuɗi har ya mallaki 85mm f/1.4 (lambar mm zangon gilashi ce, idan ta yi girma sai ya ƙara jawo abu kusa ya rage faɗin abin da ake gani; lambar f kuma girman ƙofar haskensa ce, idan ta yi ƙasa sai ƙofar ta ƙara faɗi), wai duk abin da bai kai wannan ba wasan yara ne. Madalla da wannan shawara, ranka ya daɗe! An tambaye ka mara nauyi mai sauƙin kuɗi, ka ba da amsa da mai nauyi mai tsada, kuma har ana tafa maka.

Bari mu ɗora maganar a kan sikeli, tunda nauyi abu ne da ake aunawa. Gilashin 85mm f/1.4 na Sigma, samfurin Art da aka yi wa kyamarori masu madubi, gram 1,130 ne. Na Canon mai lamba RF 85mm f/1.2 gram 1,195 ne. Ƙaramin 50mm f/1.8 STM na Canon ɗin dai, wanda ya fito a 2015, gram 160 ne kacal. Na Nikon, 50mm f/1.8G, gram 185 ne, na Sony kuma gram 186. Wato sai ka tara bakwai daga cikin ƙaramin na Canon kafin su kai nauyin abin da aka ce yaron nan ya rataya a wuyansa ya yi yawo da shi. Wanda bai taɓa wuni a tsaye da kyamara ba zai ce kilo ɗaya ba komai ba ne. Ku tambayi wanda igiyar kyamara ta taɓa yi wa shaida a bayan wuya, wanda wuyan hannunsa ya riƙa sagewa duk lokacin da ya ɗaga kyamara zuwa ido, domin nauyin gilashin yana rinjayar da ita gaba. Abin da ke biyo baya sananne ne: makon farko ana fita da shi kullum don ɗoki, mako na biyu ana fita da shi idan akwai dalili, daga nan sai ya tare a cikin jaka, mai shi kuma ya koma ɗaukar hoto da waya. Gilashin da ya zauna a gida bai taɓa ɗaukar hoto ko ɗaya ba, komai tsadarsa.

Za a ce mini ai f/1.4 ya fi shigar da haske. Gaskiya ne, amma da nawa? Tsakanin f/1.8 da f/1.4 bambancin bai kai ninki biyu ba, kusan ɗaya da kashi biyu bisa uku ne. Babban tsallen yana can baya, inda gwanin bai ko waiwaya ba. Gilashin 18-55mm da ake sayar da yawancin kyamarorin masu koyo da shi, idan aka zuƙo shi zuwa ƙarshe, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninkawa sau goma. Wannan ne bambancin da yaro zai gani da idonsa tun ranar farko: hoton da yake fitowa da duhu da ƙura-ƙura bayan faɗuwar rana zai fito fes, bangon da ke bayan mutum kuma zai narke ya bar fuskar ita kaɗai. Kusan duk ribar tana cikin ƙaramin gilashin nan, ɗan abin da ya rage kuwa sai an biya shi da kuɗi ninki-ba-ninki da kuma ciwon kafaɗa.

Ita ma dusashewar bayan hoto da ake ta zuzutawa tana da farashin da ba a faɗa wa masu koyo. A kan babbar sensa (sensa ita ce farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), idan ka tsaya mita ɗaya da rabi daga mutum da 85mm a buɗe har f/1.4, abin da zai fito sarai bai kai kaurin santimita 3 ba. Mutum ya ɗan karkata kai, sai ido ɗaya ya fito ɗayan ya dusashe. Ya ja numfashi ya matso kaɗan, sai saitin ya koma kan gira ko kan kunne. Da 50mm a f/1.8, daga wannan tazarar, kana da kusan santimita 10, wanda ya ishi idanu biyu da hanci. Ƙwararru da yawa da suke da f/1.4 a hannu, idan suka zo ɗaukar fuska sai su tsuke shi zuwa f/2 ko f/2.8, wato su dawo daidai inda ƙaramin gilashin yake aikinsa cikin kwanciyar hankali. To me ya sa za a sa yaro ya yi shekara yana tara kuɗin ƙofar da ba zai riƙa buɗewa ba?

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne gwanin bai tambayi yaron irin kyamarar da yake riƙe da ita ba, alhali nan ne farkon magana. Lambar da aka rubuta a jikin gilashi ba ta gaya maka faɗin abin da za ka gani sai ka san girman sensar da ke bayansa. Yawancin masu koyo suna farawa ne da ƙaramar sensa, wadda ake kira APS-C. A kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm ana ninka lambar da 1.5, a na Canon da 1.6, a tsarin Micro Four Thirds na Panasonic da Olympus kuma da 2. Saboda haka 85mm a ƙaramar Canon yana ganin abin da 136mm yake gani a babbar sensa. Ka yi tunanin yaron nan a ƙaramin ɗaki, ya ja da baya har bayansa ya bugi bango, kuma har yanzu kai da wuya kawai yake gani a cikin hoto. Ka yi tunaninsa a titi, yana son ɗaukar mutum tare da shagonsa da masu wucewa, sai ya tsallaka ɗaya gefen hanya, motoci suna giftawa tsakaninsa da abin da yake nema. Wannan ce shawarar da aka tafa wa.

Da ni aka tambaya, da amsata ba ta da tsawo. Mai babbar sensa ya ɗauki 50mm f/1.8, ko kuma 40mm f/2 idan Nikon Z yake riƙe da ita, wanda gram 170 ne. Mai ƙaramar sensa da yake son gilashi ɗaya ya yi masa aiki biyu ya nemi wani abu a kusa da 35mm, domin shi ne zai ba shi ganin 50mm: Nikon tana da 35mm f/1.8G na DX, wato na ƙaramar sensarta, tun 2009, gram 200. Fujifilm tana da XC 35mm f/2, gram 130. Panasonic, da yake da 2 ake ninka tata lambar, tana da 25mm f/1.7, gram 125. Idan kuma zuciyarsa ta fi karkata ga fuskoki fiye da titi, 50mm ɗin nan a ƙaramar sensa yana komawa 75mm ko 80mm, wato ya samu gilashin fuska na gaske ba tare da ya taɓa kuɗin 85mm ba. Abu ɗaya da zan ja masa kunne a kai shi ne ya duba bakin kyamararsa, inda ake ɗaura gilashi, kafin ya biya, domin a Canon EF daban ne da RF, a Nikon F daban ne da Z, kuma tsohon 50mm f/1.8D na Nikon, duk da arahar sa, ba shi da injin saiti a cikinsa, ba zai yi saiti da kansa ba a kan jerin D3000 da D5000.

Na san masu cewa 50mm yana kumbura hanci. Ba gilashin ne yake kumbura hanci ba, matsowa ce. Idan ka kawo kyamara rabin mita daga fuskar mutum, hancinsa ya fi kunnuwansa kusa da kai sosai, dole ya yi girma, ko da wane gilashi ne. Ka tsaya mita ɗaya da rabi ko biyu, ka ɗauki mutum daga ƙirji ko daga ƙugu zuwa sama, fuskar za ta fito yadda Allah ya yi ta. Masu cewa roba ce jikinsa, na ji. Roba ce ta sa bai yi nauyi ba, kuma hoto ba ya nuna abin da aka ƙera gangar jikin gilashi da shi. Masu cewa a sayi mai zuƙowa a huta, su je su auna 24-70mm f/2.8 su dawo mu yi magana, na Canon na biyu a jerin EF gram 805 ne. Araha a nan ba alamar rashin inganci ba ce. Tsarin da ake ƙera yawancin waɗannan 50mm ɗin a kansa tsoho ne ƙwarai, asalinsa yana komawa ga Planar da Paul Rudolph ya tsara wa kamfanin Zeiss a 1896, kuma gilasai shida kacal ne a cikin na Canon. An daɗe da ƙwarewa a kansa, shi ya sa ake iya yin sa da kyau a sayar da shi da sauƙi.

Yanzu bari in ajiye gatse in yi magana da yaron da sauran irinsa, domin su ne damuwata. Ƙanena, ɗaukar hoto a titi ba aikin gilashi ba ne kawai, hulɗa ce da mutane. Idan ka nufi mutum da babban gilashi mai faɗin baki, sai ka ga ya ɗaure fuska, ko ya gyara tsayuwa, ko ya juya maka baya, abin da ka hango ka ɗaga kyamara dominsa ya riga ya tafi. Ƙaramin gilashi ba ya tsorata kowa. Yana tilasta maka ka matso, ka yi sallama, ka nemi izini inda ya kamata, ka nuna wa mutum hotonsa a bayan kyamara ku yi dariya tare, kuma hoto na biyu da za ka ɗauka bayan wannan dariyar yawanci ya fi na farko. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ake buga misali da shi a wannan fanni, mafi yawan aikinsa da ƙaramar Leica da 50mm ya yi shi. Ba ina cewa sayen 50mm zai mayar da kai shi ba ne. Ina cewa idan ka zauna da zango ɗaya tsawon watanni, idonka yana haddace faɗinsa, sai ka san inda za ka tsaya tun kafin ka ɗaga kyamara, kuma wannan ilimin ba ya samuwa sai da yawan fita, yawan fita kuma ba ya yiwuwa da kaya mai nauyi. Ka lura ma cewa da rana a titi ba a buɗe ƙofar haske gaba ɗaya. Da 35mm a babbar sensa, idan ka sa f/8 ka ajiye saiti a mita 3, duk abin da ke tsakanin kusan mita 2 zuwa 7 zai fito sarai, ba sai ka jira kyamara ta nemo saiti ba. A f/8 kuwa, ina ƙalubalantar gwanin namu ya bambanta hoton gilashi mai tsada da na mai araha a fuskar waya, inda kusan duk hotunanmu suke ƙarewa.

Ba na ƙin 85mm, kada a juya mini magana. Wanda ya riga ya san aikinsa, yake da ɗakin ɗaukar hoto mai faɗi da masu biyansa, ya saya, Allah ya sa albarka. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da tambayar mai koyo wata dama ta nuna kayan da ke cikin jaka, a bar shi da tunanin cewa bai isa ya fara ba sai ya yi kuɗi.

Tunda ma na ga bidiyon har ƙarshe, akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Gwanin yana tsaka da bayani, sai ya hura wa gilashin nan mai tsada iska da baki, ya kama gefen rigarsa ya murza. Don Allah ku daina wannan. Ƙurar da ke maƙale a yadi tana karce rufin da aka shafa wa gilashi, kuma ba a gyara shi. Ku fara kore ƙurar da 'yar robar hura iska, sannan ku goge da ƙyallen da aka yi don haka, daga tsakiya zuwa gefe. Ku sa hular gilashi, wato zoben nan da ke tare masa hasken rana, ko da babu rana, domin ita ce take karɓar bugu idan kun gogi bango ko ƙofa. Kada kuma ku kulle gilashi a jaka mai danshi tsawon watanni, fumfuna tana tsirowa a ciki kamar saƙar gizo, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata ku haska fitila ku duba idan za ku sayi na hannu.