Tsamin da Bajamushe ke zubarwa shi Goggona take nema

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba sa shan giya, kuma ban zo in kwaɗaita wa kowa ba. Ni dai a gidan da ake dafa burukutu na tashi, a wani ƙauye kusa da Fankshin, kuma da kuɗinsa Goggona ta biya mini makaranta. Yanzu ina zaune a Bambag, kudancin Jamus, garin da ya yi suna da giya mai ƙamshin hayaƙi, don a kan wutar itace suke busar da tsiron sha'ir ɗinsu. Ranar da na fara jin ƙamshin nan, murhun Goggo ne ya faɗo mini a rai.

Maƙwabcina dattijo ne, yana haɗa tasa giyar a ɗakin ƙasa, lita 20 a kowace dahuwa. Wata Asabar ya kira ni, ya miƙo kofi, fuska a murtuke. Na kurɓa, sai na ji kamar an narkar da man shanu a ciki, harshe har yana santsi. Ya jawo littafinsa ya nuna mini inda ya kuskure: ya yi gaggawar raba giyar da yisti. Yisti kan fitar da sinadarin da ke kawo ɗanɗanon man shanun nan a farkon aikinsa, daga baya ya koma ya shanye abinsa, in an bar shi kwana 2 ko 3 an kuma ɗan ƙara masa ɗumi. Kusan kowane aibi yana da suna da dalili a littafin nan. In ta yi warin ɗanyen tuffa, ba ta gama nuna ba. Warin maganin asibiti daga kulorin ne, na ruwan famfo ko na abin wanke kaya da ba a ɗauraye da kyau ba. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shiga bayan an gama. Wadda ke ƙona maƙogwaro kuwa zafi ne ya yi mata yawa, domin irin da yake yi ba ta son wuce digiri 20.

Na yaba, gaskiya. Amma duk tsawon bayaninsa Goggo nake gani a tsugune gaban randa da ludayi. Ba ta san baƙi ba, ba ta da ma'aunin zafi sai bayan hannunta. Sai ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar, ta ce, "Kai yaro, jiya da na bar ka da tukunya ka je wasa ko? Ga ƙauri nan." Kuma na je ɗin. In ta ji warin fumfuna ta san tsiron dawa ne bai bushe ba, abin da ke yawan faruwa da damina, ba ta ko tsayawa ciniki da shi, kai wa aladu take yi. In kumfa bai taso da wuri ba da hunturu, sai ta matsar da randar kusa da murhu ta lulluɓe ta da buhu. Abin da maƙwabcina ke yi da firji da na'ura ke nan, ba ƙari ba ragi.

Inda muka rabu da shi a kan tsami ne. Wata dahuwar tasa ta yi tsami, ya tuntsurar da lita 20 a magudana yana cewa ƙwayoyin cuta sun shiga. Ƙwayoyin nan fa su ne masu sa nono da koko tsami, kuma su ne Goggo take gayyata da gangan. Bayan tafasar farko takan bar ruwan tsiron ya kwana har ya yi tsami, ta sake tafasa shi, ya huce, sannan ta zuba ɗan ragowar tsohuwar dahuwa. Burukutu marar wannan tsamin lami ne, ba mai saye. Su Jamusawa suna da fure mai ɗaci da suke kira Hopfen, wanda dokar Bavariya ta 1516 ta lissafa tare da ruwa da sha'ir, shi ke danne waɗannan ƙwayoyi. Mu ba mu da shi, tsamin ne garkuwarmu. Su ma Jamusawan ba baƙin tsami ba ne, don a biranen Balin da Laifzig akwai giya mai tsami da suke alfahari da ita, a Beljiyam ma har a buɗe ake barin ruwan ya kwana iska ta kawo masa yisti.

Goggo ta san tsami iri biyu ne. Akwai mai laushi irin na nono, akwai mai kaifi da ke soka hanci, wanda ke zuwa in burukutu ya kai kwana 3 iska da ƙananan ƙudaje sun same shi. Na biyun ba ta taɓa sayar wa kowa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a nan ana kiran wannan aiki ilimi, ana buga masa littattafai tun zamanin da Hansen, wani masani ɗan ƙasar Danmak, ya ware yisti tsantsa a Kofanhegan a 1883, mu kuwa ko ɗan da aka yi wa karatu da kuɗin randa kunyar faɗa yake ji. Ba na cewa komai namu daidai ne. Ƙwaryar da ke yawo baki zuwa baki, da ruwan rafi da wasu ke tsarma dahuwa da shi bayan ta huce, waɗannan sai mun gyara, kuma tsaftar maƙwabcina abin koyi ce.

Da na ba shi labarin kwanan tsami, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni awa nawa take bari, a kan zafi nawa. Na ce daga faɗuwar rana zuwa carar zakara. Ya rubuta haka a littafinsa, ya ce in samo masa dawa a shagon 'yan Afirka da ke Nuremba.