Miyar karkashi a gangaren Olinda

Wani ɗan Katsina da muke karatu tare a Recife ya kwanta zazzaɓi, ya aiko mini cewa shi fa ba ƙwaya yake so ba, tuwo yake so. Garin masara ba ya wuya a Burazil, kuma ina da ragowar karkashi a leda. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miya, na zuba a kula biyu, na ɗauki baƙar lemata irin ta tsofaffi saboda rana, na hau bas zuwa Olinda inda yake haya.

Olinda gari ne a kan tudu, titunansa matsattsu, an shimfiɗa musu duwatsu. Ranar Lahadi ce, saura 'yan makonni a yi kanibal, babban bikinsu na kiɗa da rawa, lokacin da ƙungiyoyin makaɗa ke fitowa gwaji a titi. Ina cikin hawa ina haki sai ga 'yan badujala sun shawo kwana. Yara ne zalla, babbansu ko gemu bai fara ba. Masu kakaki a gaba, masu wanda ake ja ana turawa a baya, ga wani siririn yaro ya zura jikinsa cikin ƙaton ƙahon tagulla, da ƙyar ake ganin kansa. Sai suka saki Vassourinhas.

Wannan kiɗa Matias da Rocha da Joana Batista Ramos ne suka tsara shi a 1909, kuma a jihar Pernambuco, inda Recife da Olinda suke, ko mai ciwon gwiwa aka busa wa sai ya manta da sandarsa. Salon sunansa frevo. Daga badujalar soja ya taso a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da 'yan capoeira, wani wasan faɗa mai kama da rawa, ke shiga gaban makaɗa suna buɗe hanya da lema a madadin makami. Shi ya sa har yau masu rawar suke riƙe da 'yar lema mai launi-launi, har UNESCO ta sa frevo cikin al'adun da duniya ta gada a 2012. Ku dai riƙe zancen lemar nan.

Kafin in matsa gefe, jama'a sun ɓarko daga kowane lungu sun kwashe ni. Na ɗaga lema sama kada in tsone wa wani ido. Wani ƙato ya bangaji kular miya, murfi ya yi nasa wuri, karkashi ya malale a kan duwatsu, a gangare kuwa.

Silifas ɗina ya taka. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma. Na durƙushe, na zabura, na sake tafiya ƙasa, ƙafafuna suna harɗewa kamar almakashi, lema a sama, kular tuwo a ƙirji don ita kam na rantse ba za ta faɗi ba. Ashe durƙuson nan da harɗe ƙafar su ne ainihin rawar! Nan take aka buɗe mini fili. Yaran suka juyo da bakin kakakinsu kaina suka ƙara wuta. Ina ta salati, wata tsohuwa tana tafi tana ihu a ba ni wuri. Wani matashi ya ji haushi, ya shigo da tasa 'yar lemar zai kara da ni. Ya taka karkashi. Shi ma ya zama gwani.

Na isa da yagaggen wando. Mara lafiya ya ci gayan tuwo da tumatirin gwangwani, yana dariya har zazzaɓin ya sake shi, kuma shi ne munafukin da ya samo bidiyon ya tura wa yayana ta WhatsApp.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara.

"Ga Hajiya," in ji Yaya, muryarsa tana rawa.

"Kai, karatun injiniyan ke nan?"

"Wallahi Hajiya santsi ne."

"Santsin ne har da juyi? Mun kalla sau uku, har da Baffanku."