Yarinyar ba ta yi abin kunya ba

Har yanzu raina bai huce ba kan abin da aka yi wa 'yar yayata ranar Asabar a wurin suna. Waɗanda muke tare a gidan kun ji da kunnenku. Yarinya ta gama karatun sinadarai, ta gama bautar ƙasa, ta durƙusa gaban manya da ladabi ta ce tana son ta fara tara roba da leda ta riƙa buga bulon daɓen tsakar gida. Kafin ta rufe baki wani kawunmu ya ce, "Ke yanzu duk kuɗin da ubanki ya kashe a kanki, bola za ki koma?" Aka kwashe da dariya. Ina kallonta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Kawu," ta tashi ta shige ɗaki. Ko abinci ba ta ci ba.

Kawu babba ne, ba zan yi masa rashin kunya ba. Amma wallahi bai kyauta ba, kuma duk wanda ya taya shi dariya bai kyauta ba. Yarinyar nan ba ta yi abin kunya ba.

Ba daga sama ta ɗauko tunanin ba, labarin Nzambi Matee ta gani, 'yar ƙasar Kenya. Ita ma ai mai digiri ce. Kimiyyar fiziks ta karanta, tana da aikinta a harkar man fetur, irin aikin da a wurinmu dangi kan yi walima idan ɗansu ya samu. A 2017 ta ajiye shi. Ta koma bayan gidan mahaifiyarta a Nairobi tana narka roba tana cakuɗawa da yashi, yau ya tsage, gobe ya ruguje, ta sake awo ta sake gwadawa. Maƙwabta suka dame ta da ƙorafin ƙarar inji, ta roƙe su su yi mata haƙurin shekara guda. Daga baya ta samu tallafin karatu a Amurka, ta shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar Colorado da ke Boulder ta daidaita yawan robar da yawan yashin. Ta dawo gida ta tsayar da kamfaninta, Gjenge Makers, da ƙafafunsa, injinan ma da hannunta a ƙera su. Zuwa farkon 2021 suna buga bulo kusan 1,500 a rana, sun cinye robar da ta kai tan 20. A ƙarshen 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka ta cikin matasan da ta karrama a matsayin zakarun kare duniya, ita ce ta wakilci Afirka. To ku gaya min, a ina abin kunyar yake a nan? Da uwarta ta ce mata "bola za ki koma?" ta kore ta daga bayan gida, da wa zai san sunanta?

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu ne muke zubar da bolar. Mu ne muke shan fiya wata mu wurga ledar ta tagar adaidaita. Mu ne muke kwashe sharar gida cikin dare mu juye a kwata. Damina ta sauka, kwata ta toshe, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen ƙasa, katanga ta jiƙe ta zube a kan yara suna barci, mu taru mu yi jaje mu watse. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafin Jakara a Kano ya san abin da nake faɗa, ruwan ma ba ka ganinsa saboda leda. Wanda ya zubar bai ji kunya ba, sai wadda ta ce za ta sunkuya ta tsince? Wannan wane irin lissafi ne?

Na san abin da za a ce. Za a ce Kenya daban, nan daban. Eh, Kenya ta haramta jakar leda tun watan Agusta na 2017, da tara mai tsanani har da ɗauri. Mu da ba mu hana ba, ai mun fi su kayan aikin, ga shi nan zube kyauta a kowane lungu. Za a ce hayaƙin roba guba ne. Ƙona ta a fili shi ne guba, irin wanda muke yi kullum da yamma a bakin layi yara suna shaƙa. Narkawa a cikin inji a zafin da aka auna wani abu ne daban, kuma shi ya sa aikin yake son mai ilimi. Matee ba kowace roba take zubawa ba. Tana amfani da ta jarkar madara da ta man wanke gashi, da leda, da ta bokiti da igiya, amma ba ta taɓa gorar ruwan sha da ta lemo. Wa zai iya bambance waɗannan in ba wanda ya karanci sinadarai ba? Digirin da Kawu yake jin an yi asararsa, a nan ne yake da amfani. Za a ce mace ce, wa zai aure ta tana warin shara. Wannan ba zan ma ɓata bakina a kansa ba.

Ba na yi wa kowa ƙarya, bulon da aka fi sanin Matee da shi na daɓen ƙasa ne, tsakar gida da harabar makaranta da hanyar ƙafa. Burinta ta kai ga bulon gini don talaka ya samu muhalli mai rahusa, a birnin da ɗimbin mutane suke cunkushe a unguwanni irin Kibera cikin ɗakunan kwano da laka. Amma ku tambayi matar da take zaune a gidan haya mai ɗaki goma, wadda take dafa abinci cikin caɓi wata uku na damina, ko daɓen tsakar gida ƙaramin abu ne. Ku tambayi magidancin da ya sayi fili shekara bakwai ya kasa ɗora bulo saboda kuɗin siminti. Kuma ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 2011 aka gina gida da gorunan roba cike da yashi a Sabon Yelwa kusa da Kaduna, mutane suka yi ta zuwa kallo.

Yaran nan 'yan jari bola da muke kora daga ƙofar gida, da buhunsu a kafaɗa da ƙafa duk faso, su ne suke ciyar da injinan niƙa roba da masana'antun Sharaɗa da Bompai. Bokitin da kika saya a Ƙofar Wambai, wataƙila wani yaro ne ya tsinto asalinsa a juji aka auna masa a sikeli. Muna amfani da guminsu muna toshe hanci idan sun wuce. Yanzu ga tamu ta zo da ilimi tana son ta ɗaga sana'ar, mun sa ta kuka a ɗaki.

Na kira ta jiya na ce ta rubuto min kuɗin ƙaramin inji da na hayar fili. Abin da nake da shi kaɗan ne, amma zan saka.

Ragon layyarmu na bana ma, wata biyu yana ramewa, ga dusa ga harawa amma ba ya ci. Da mahauci ya farke tumbin sai ga leda baƙa da fara ta dunƙule kamar ƙwallo, da hannu biyu ya ɗago ta. Ya ce min a sallar nan kaɗai ya ga irin haka ya fi sau biyar. Masu kiwo a cikin gari, don Allah ku riƙa ɗaure dabbobinku.